Miura a Tafin Hannu: Jagorar Tara Ƙananan Motocin Zubi

Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. McLaren F1 kuwa, ko an haɗa da na tsere da na gwaji, 106 ce duk duniya. Galibinmu har mu koma ga Allah ba za mu ga ɗaya daga cikinsu ido da ido ba, balle mu riƙe sitiyarinta. Amma akwai masu zama su auna irin waɗannan motocin ƙasaita, su rage kowane sashe sau 18 ko sau 43, su zuba su da ƙarfe, su yi musu fenti, har ka ɗora mota a tafin hannu ka ɗaga murfin inji ka leƙa. Su ake kira ƙananan motocin zubi. Daga kayan wasan yara sana'ar ta faro, da Dinky a 1934, da Matchbox a 1953, da Corgi a 1956, amma ta daɗe da wuce nan.

Ranar da na fara ɗaukar Lamborghini Miura mai ma'aunin 1:18, wato wadda aka rage sau 18, nauyinta da sanyin ƙarfen ne suka fara tsayar da ni. Na ɗaga gabanta, ya buɗe gaba ɗaya har da kafaɗun taya. Na ɗaga bayan, shi ma ya tashi ta ɗaya ɓangaren, sai ga injin V12, mai silinda goma sha biyu, kwance a gicciye bayan kujeru, yadda yake a ta gasken tun 1966. Na sha karanta wannan tsari a rubuce, sai ran nan na fahimci abin da ake nufi. Gani ya kori ji.

Mataki na farko: san babbar kafin ka sayi ƙaramar

Nan ne yawancin sababbin shiga suke tuntuɓe, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ƙaramar mota kwaikwayo ce, kuma ba ka iya gane kwaikwayo ya yi kyau ko bai yi ba sai ka san abin da ake kwaikwaya. Wanda bai san motar ba, sheƙin fenti kawai zai bi.

Ɗauki Miura. Iri uku ne manya: P400, da P400 S, da SV wadda ta fito a 1971. Biyun farko suna da baƙaƙen layuka kewaye da fitilun gaba, masu kama da gashin ido. SV ba ta da su, kuma kafaɗunta na baya sun fi faɗi. Idan ka ga kwali an rubuta SV, motar ciki kuma da gashin ido, to kama da wane ce, ba wane ba.

Lamborghini Countach ta fi rikitarwa, domin shekara 16 aka yi ana ƙera ta, daga 1974 zuwa 1990, kuma ta farko da ta ƙarshe kamar ba uwa ɗaya ba. LP400 ta asali siririya ce, tayoyinta ba faɗi, ba ƙarin roba a bakin kafaɗa, da wani kwari a tsakiyar rufi wanda ya sa ake mata laƙabi da Periscopio. A 1978 LP400 S ta zo da faffaɗan tayoyi da kumburarrun kafaɗu. A 1985 aka yi LP5000 QV, mai tozo a murfin inji. Ta 1988, wadda aka yi don cikar kamfanin shekara 25, mai zanen motoci Horacio Pagani ne ya sake mata fasali. Babban fiffiken baya da mutane suka fi saninta da shi ma ba dole ba ne, zaɓi ne mai saye yake ƙarawa. Ni dai LP400 ce tawa, domin a jikinta ne zanen Marcello Gandini, wanda ya tsara ta tun asali, ya fito tsaf ba ƙari.

Ferrari Testarossa ta 1984, na farko-farkonta madubi ɗaya gare su, a can sama gefen direba, daga baya aka koma biyu a ƙasa. Ferrari F40 ta 1987, mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya sa wa albarka kafin rasuwarsa a 1988, da jan fenti take fitowa daga masana'anta, ba kafet, ba rediyo, da igiya ake jan ƙofarta ta ciki, salansa uku kuma a tsakiyar baya. In ka ga ƙaramarta rawaya ko baƙa, ko dai tana kwaikwayon wadda aka sake wa fenti ne daga baya, ko son ran mai zubin ne. McLaren F1 ta 1992 kujerar direbanta a tsakiya take, fasinja biyu a gefe ɗan baya, ɗakin injinta kuma an lulluɓe shi da fallen zinariya don kare zafi. Ƙaramar da ba ta nuna wannan ba ta bar rabin labarin.

Saboda haka, kafin ka fitar da ko sisi, tara hotunan ainihin motar: gaba, baya, gefe, ciki, inji. Hoton gefe ya fi kowanne muhimmanci. A nan za ka ga tsayin rufi, da yadda taya ta cika gurbinta, da tazarar ƙasan mota da ƙasa. Waɗannan motoci gajeru ne ƙwarai, Miura da kaɗan ta haura mita ɗaya a tsayi, kuma kuskuren da aka fi yi a masu araha shi ne su tsaya ƙiƙam kamar motar shiga daji.

Mataki na biyu: kama zare ɗaya

Kasuwar nan ba ta da iyaka, aljihu kuwa yana da ita. Wanda ya ce duk wadda ta burge shi zai saya, bayan shekara zai tarar da tarkace ne a kanta, ba tari mai ma'ana ba. Zaɓi zare guda. Kana iya bin mai zane ɗaya, kamar Gandini: Miura, Countach, Lancia Stratos. Kana iya bin zuriya ɗaya: Ferrari 288 GTO ta 1984, F40, F50 ta 1995, Enzo ta 2002. Ko ka haɗa kishiyoyin zamani ɗaya, Porsche 959 da F40 da Countach QV, ka jera su kafaɗa da kafaɗa ka ga yadda Jamus da Italiya suka amsa tambaya ɗaya ta hanyoyi daban. Rubuta sunaye biyar zuwa goma a takarda. Duk wadda ba ta cikin takardar, ta jira.

Mataki na uku: tsai da ma'auni

Ma'aunin 1:18 yana nufin an raba tsawon motar, da faɗinta, da tsayinta gida 18. Countach tana da tsawon kusan mita 4.14. A 1:18 za ta zo santimita 23, a 1:24 kusan 17, a 1:43 ba ta kai 10 ba, a 1:64 kuwa shida da rabi. Akwai 1:12 da 1:8 ma, amma ta 1:8 ta haura rabin mita, ita kaɗai sai ta cinye tebur.

Idan abin da kake so shi ne buɗe ƙofa da leƙa inji, 1:18 ne naka. Ƙofar Countach mai tashi sama kamar almakashi, ko ta Mercedes 300 SL ta 1954 mai buɗewa kamar fukafukan tsuntsu, a wannan girman ne suke nuna kansu. Idan wuri ya yi maka kaɗan, ko kana son jera motoci da yawa, koma 1:43, tsohon ma'auni da aka gado daga jiragen ƙasan wasa, wanda kusan ba motar da ba a yi a cikinsa ba. 1:64 shi ne girman Hot Wheels da Tomica, sai dai ka sani na wasan yara ba su cika bin ma'auni daidai ba, ana daidaita su ne da girman kwali. Masu bin lissafi su ne irin Mini GT da Tomica Limited Vintage.

Ko wanne ka zaɓa, tsaya a kansa. Daɗin jera motoci shi ne ka ga bambancin girmansu na gaskiya, kuma wannan yana ɓacewa da zarar ka cakuɗa ma'auni. Auna kantarka ma tun yanzu. Kowace 1:18 tana son wajen santimita 30 a tsawo, da sarari a sama idan za ka bar ƙofofi a ɗage.

Mataki na huɗu: da me aka yi ta?

Zubin ƙarfe na asali da wani haɗi ake yinsa mai suna zamak: tutiya ce mafi yawa, da alminiyam kusan kashi 4 cikin ɗari, da ɗan maganiziyam da jan ƙarfe. Ana narkar da shi a zafin da bai kai digiri 400 ba, a tura shi da ƙarfi cikin mazubin baƙin ƙarfe. Sassaƙa mazubin nan shi ne babban kashe kuɗi, don haka sai motar da ake sa ran sayar da dubbai ake yi wa. Amfaninsa nauyi, ƙwari, da sassa masu buɗewa. Aibinsa shi ne ƙarfen yana da kauri, gefuna ba su cika yin kaifi ba, kuma tsagar da ke tsakanin ƙofa da jiki takan fi yadda ya kamata faɗi.

Na biyu rezin ne, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa a cikin mazubi mai laushi. Yana fitar da layi siriri tsaf, kuma da yake mazubinsa ba tsada, ana yin motocin da ba su da yawan masoya, ɗari biyu ko ɗari biyar a wuce wurin. Sai dai galibi a rufe suke ruf, ba ƙofa ba bonet, kuma in ta faɗi fashewa take yi. GT Spirit, da Spark, da yawancin na BBR da MR Collection a nan suke. Na uku shi ne jikin roba mai tauri a kan gindin ƙarfe, hanyar da AUTOart ya koma a shekarun baya. Komai yana buɗewa, tsagogi sun matse, amma a hannu ba ta da wannan nauyin da wasunmu suke so.

Babu wanda ya fi wani a komai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya biya kuɗi yana zaton zai buɗe inji, kwali ya iso ya tarar da ita a like. Tambayi wannan a fili kafin ciniki.

Mataki na biyar: san masu ƙerawa

A matakin shiga akwai Bburago, wanda ya faro a Italiya a shekarun 1970, da Maisto, waɗanda yanzu gida ɗaya suke, da Solido da Norev na Faransa. A 2015 lasisin Ferrari na irin waɗannan ya koma hannun Bburago, kafin nan Mattel, mai Hot Wheels, ne ke riƙe da shi, shi ya sa har yau ake neman tsofaffin Hot Wheels Elite. A tsakiya akwai Kyosho na Japan, wanda Miura da Countach da F40 ɗinsa suka yi suna, da Minichamps na Jamus, da AUTOart. A can ƙoli akwai CMC, mai haɗa mota ɗaya da sassa fiye da dubu, da wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya da kujerun fata, sai Amalgam na Ingila mai manyan 1:8.

Shawarata: fara da guda ɗaya mai sauƙin kuɗi, ka koyi riƙo da shara a kanta. Bayan nan ka daure ka tara kuɗin uku ka sayi ɗaya ta tsakiya. Araha ba ta ado. Kada kuma suna ya ruɗe ka, kamfani ɗaya yakan yi wata ta yi kyau wata ta karkace, don haka motar za ka duba, ba tambarin kwali ba.

Mataki na shida: bincike kafin biya

In kana gabanta, sa ta a kan shimfiɗaɗɗen tebur, ka sunkuya idonka ya yi daidai da ita. Tayoyi huɗu duk sun taɓa ƙasa? Ba ta jirkice gefe ɗaya ba? Rufe ƙofofi ka bi tsagarsu da ido, ka ga ko faɗinta ɗaya ne daga sama har ƙasa. Buɗe su ka saki, ka ga ko suna tsayawa da kansu ko suna faɗowa. Ƙirga ƙananan abubuwa: madubai, waifa, tambarin gaba da na baya, murfin tanki, bakin salansa. Su ne suke fara ɓata, su ne kuma suka fi wuyar samu.

Sannan fenti. Haska shi da tocila ta gefe, ba daga sama ba. Idan ka ga ƙananan ƙuraje kamar na zafi a ƙarƙashin fentin, cuta ce da takan fito wa motocin zubi bayan shekaru, ba ta gogewa, kuma takan ƙaru. Wadda ta fi ta muni ita ce ruɓewar tutiya. Idan dalma ko wani datti ya shiga haɗin ƙarfen tun a masana'anta, da tafiyar lokaci ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage kamar busasshiyar laka, ya marmashe. Danshi yana gaggauta shi. Alamarsa siraran tsagogi a jiki, ƙofar da a da tana rufuwa yanzu ta ƙi, ko gindin da ya bauɗe. Ba shi da magani. Ko kyauta aka ba ka, ka san kwananta ƙirge yake.

In ta intanet za ka saya, kada ka yarda da hoton talla na kamfani. Nemi hoton ainihin wadda za a aiko maka: kusurwa huɗu, sama, ƙasa, kowace ƙofa a buɗe, da kwalin ciki da waje, tare da takarda mai kwanan watan ranar a gefenta. Ƙarƙashin mota yakan ɗauki sunan mai ƙerawa da ma'auni, kwali kuma yakan nuna alamar lasisi. Tambayi ko an taɓa fitar da ita an jera, ko an taɓa like wani abu, ko ɗakin da take ana shan taba, domin hayaƙi yana shiga kafet da taya ya zauna. Ka kuma nace a ɗaure ta a gindinta na asali, a sa kwalinta cikin wani kwalin da abin tare girgiza ta kowane gefe.

Wata magana a kan lambar "ɗaya cikin kaza" da ake bugawa a gindi don nuna cewa ƙayyadadden adadi aka yi. Tana da daɗin gani, amma kamfani yana iya sake fito da motar nan a wani launi, ko wani ya fito da wadda ta fi ta, darajar taka ta sauka. Wasu suna tashi, gaskiya ne. Amma wanda ya shigo don riba zai sha takaici fiye da wanda ya shigo don so.

Mataki na bakwai: fitarwa daga kwali

Wanke hannu, shimfiɗa tawul, nemo sukudireba da ta yi daidai da kan kusoshin da suka riƙe motar ta ƙasa. Kada ka kifa ta a kan rufinta, tallafe ta a gefe da hannu ɗaya ka kwance da ɗayan. Robobin da aka ɗaure ƙofofi da su, yanke su da ɗan almakashi, kada ka ja. Koyaushe ka ɗauke ta ta ƙasan ƙofofi, tsakanin tayar gaba da ta baya. Ba ta rufi ba, ba ta fiffike ba, kuma ka san inda madubi yake kafin yatsa ya isa wurin. Don buɗe ƙofa, tsinken roba ko na sakace ya fi farce. Kusoshi, da gindi, da takardu, duk ka mayar cikin kwali ka adana shi a busasshen wuri. Motar da ba ta da kwali darajarta ta ragu, kuma ranar ƙaura ba ka da abin sa ta.

Mataki na takwas: wurin zama

Abokan gaba uku ne: rana, danshi, ƙura. Rana ta fi saurin ɓarna. Na taɓa ajiye wata jar mota a kantar da hasken yamma yake faɗa wa ta taga. Ban lura ba sai ranar da na juya ta, na ga gefen taga ya koɗe ya koma kalar bulo, gefen bango kuma ja wur yadda ta zo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ba yadda za a mayar. Rana tana kuma mayar da gilashin roba rawaya, ta sa ya lanƙwashe. Nemi kabad mai gilashi da ke rufuwa sosai, a bangon da rana ba ta kaiwa. In za ka sa fitila, sa LED, wadda ba ta zafi. Jefa 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na'ura, ka riƙa sauya su.

Taya ma tana da nata. Robar wasu tayoyin tana fitar da wani maiƙo da ke cin roba mai tauri da fenti, sai ka ɗaga mota ka ga sawu huɗu sun narke a gindin. Sa ɗan yankin takarda mara launi ko ƙyalle a ƙarƙashin kowace taya, ko ka ɗan tallafe motar ta ƙasa yadda nauyi zai sauka daga kansu. Lokaci-lokaci ka ɗan gangara ta don kada taya ta lotsa a wuri ɗaya. Ƙofofi kuwa, buɗe su ka more, amma kada ka bar su a buɗe wata da watanni, mahaɗinsu yana saki. Wadda ke ajiye cikin kwali ma a riƙa duba ta, kada farin soso ko leda su daɗe manne da fenti, suna barin tabo.

Mataki na tara: shara da gyara

Buroshin kwalliya mai laushi, sabo, da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara, sun isa kusan komai. Hura tukuna, sannan ka share, domin goge ƙura a bushe karce ne. Sawun yatsa kuma ƙyallen goge tabarau da ɗigon ruwa. Kada fetur, ko tina, ko ruwan goge fentin farce su kusanci motar, suna cinye rubutu su dushe gilashi nan take. Inda aka manna siririn tambarin ƙarfe, kada ƙyalle ya bi ta kai, zarensa yana kamawa ya fizge.

Idan madubi ya karye, kada ka yi saurin ɗauko sufa gulu. Tururinsa yana barin farin hazo a gilashi da fenti, kuma ba ya fita. Kusa da gilashi ko fitila, farin gam na katako ya fi, yana bushewa garau, kuma in ka kuskure kana iya ɓare shi ka sake. Ɗiga shi a takarda, ka ɗebo da bakin tsinke, ka taɓa wurin sau ɗaya, ka riƙe da hantsaki, ka bar shi ya kwana. Guntun da ya faɗi kuma ba ka shirya gyara ba, sa shi a 'yar leda, rubuta sunan motar, ka jefa cikin kwalinta.

Buɗe littafi ko fayil tun daga mota ta farko: sunanta da irinta, mai ƙerawa, ma'auni, launi, lambar da ke jikin kwali, ranar saye, da duk wani lahani da ka gani ran da ta iso, tare da hotonta na ranar. Bayan shekara biyu, in ka ga ƙurji a bonet kana tantamar ko da shi ta zo ko sabo ne, hoton nan ne zai raba gardama, kuma shi zai gaya maka ko lokaci ya yi da za ka sauya wa kabad ɗin wuri.